Ƙarfe Ma Yana Gajiya: Lacca Kan Cinyewa da Karyewar Shaf a Motocin Tseren Gajeren Zango

 

Mai girma shugaban taro, malaman sashen injiniya, iyayenmu shugabannin kanikawa da suka bar garejinsu suka zo, ɗalibai maza da mata, barkanmu da wannan lokaci.  Maganata a yau a kan shaf ɗin ƙafafun baya ce a motocin tseren gajeren zango na Amurka, wato sandunan ƙarfen nan biyu da ke kwance cikin aksil, masu karɓar juyi daga difarenshal su miƙa wa taya. Za mu duba yadda suke cinyewa da yadda suke karyewa. Abu ɗaya nake so mu tashi da shi. Idan shaf ya karye a bakin layin tashi, 'yan kallo sukan ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma a wajen mai ilmin ƙarfe, karyewar nan ta soma ne makonni ko watanni kafin ranar, ana iya lissafa ta, ana kuma iya ganin alamarta. Saboda haka shaf ɗin motar tsere kaya ne mai wa'adi kamar taya da filogi, ya kamata a cire shi yana da sauran kyau a ido.

Ga wanda bai san wasan ba, motoci biyu ne ke jerawa a tsaye cak, fitila ta ba da kore, su fizga a miƙaƙƙen layi mai tsawon rubu'in mil, ƙafa 1,320, kimanin mita 402. Babbar hukumar wasan ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951. Tun 2008 aka rage wa ajujuwa biyu mafiya gudu zangon zuwa ƙafa 1,000 saboda tsaro. Motocin Top Fuel, masu shan naitiromitan, ana ƙiyasta ƙarfin injinsu da doki 11,000, suna cinye zangon cikin ƙasa da daƙiƙa 4, suna wuce kilomita 500 a awa. Sai dai yawancin shaf ɗin da ke karyewa ba a waɗannan yake ba. Yana wajen dubban masu sha'awa da ke ɗauko tsohuwar Mustang ko Camaro ko Nova, su ƙara wa inji ƙarfi, su sa sulɓaɓɓiyar taya, su bar aksil yadda kamfani ya ƙera shi.

Na farko, nawa ne nauyin da shaf ke ɗauka, kuma wa ke ɗora masa shi? Mutane sukan fara tambayar doki nawa injin yake da shi, alhali shaf bai san doki ba, murɗa kawai ya sani. Mu yi lissafi a kan misali. A ce inji yana ba da ƙarfin murɗa na Newton-mita 600. Kwanbatan giya mai sarrafa kanta yakan ninka wannan kusan sau 2 a lokacin tashi, ya zama 1,200. Giya ta ɗaya a giyabos ɗin TH400 na kamfanin General Motors tana ninkawa sau 2.48, difarenshal kuma a ce mai 4.10 ne. Idan kun haɗa, za ku samu kimanin Newton-mita 12,200 a bakin tayoyi, kowane shaf ya ɗauki 6,100 idan an raba daidai. Kun ga an ninka ƙarfin injin sau 20 kafin ya iso nan. Amma ku lura da wani abu: shaf ba ya jin wannan nauyi sai in taya ta kama ƙasa. A kan titin gari, da tayar gari, da direba ya taka totur sai taya ta yi ta jujjuyawa tana hayaƙi, ƙarfin ya tsiyaye ta nan, shaf ya huta. A filin tsere kuwa an fesa wa layin wani ruwa mai danƙo, taya faffaɗa ce mara zane mai taushin roba, an ƙona ta ta yi zafi kafin tashi, nauyin motar kusan duka ya koma baya har ƙafafun gaba su ɗaga. To ina ƙarfin zai tsiyaye? Babu. Shi ya sa mota guda, da inji guda, za ta yi shekaru a gari lafiya, ranar da aka sa mata tayar tsere ta karya shaf. Riƙon taya shi ne ke yanke wa shaf nauyinsa.

Lissafin nan ma na nauyin da ya zo a hankali ne. A tsere ba a hankali yake zuwa ba. Mai giyar hannu yana ɗaga injin sama ya saki kuloci lokaci guda. Mai giya mai sarrafa kanta yana da birkin giya, wanda ke kulle giyabos a ciki har inji ya cika, sai ya saki maɓalli komai ya faɗa wa aksil cikin ƙiftawar ido. Nauyin da ya faɗo farat ɗaya yana iya haifar da matsi ninki biyu na wanda aka ɗora sannu a hankali, wannan yana cikin darasin farko na ilmin ƙarfin kaya. Ƙari a kan haka, motocin tsere da yawa suna cire ƙananan giyoyin difarenshal su sa dunƙulen ƙarfe guda da ke kulle ƙafafun biyu su juya tare. Da wannan, in taya ɗaya ta hau wuri mai santsi ko ta ɗan ɗaga, rabon ya tashi, shaf ɗaya ya ɗauki mafi yawan 12,200 ɗin nan shi kaɗai. Abin lura shi ne, su masu Top Fuel ɗin, da duk ƙarfinsu, ba sa sakar wa aksil ƙarfin gaba ɗaya. Kulocinsu mai matakai ne, yana zamewa da gangan yana kamawa kaɗan-kaɗan a farkon zangon, don taya ba za ta iya ɗaukar abin a dunƙule ba.

Na biyu, me ke ba shaf ƙarfi? Kauri, kuma ba a kan layi ɗaya ba. Ƙarfin sanda wajen jure murɗa yana tafiya ne da kaurinta sau kaurinta sau kaurinta. Amurkawa suna ambaton shaf da yawan haƙoran bakinsa, waɗanda ke shiga cikin difarenshal. Aksil ɗin Ford mai inci 9, wanda kamfanin ya ƙera daga 1957 zuwa 1986 kuma har yau shi ne samfurin da 'yan tsere suka fi kwaikwaya, yana fitowa da shaf mai haƙora 28 ko 31. Kamfanoni irin su Strange Engineering da Mark Williams da Moser suna ƙera masu 33, 35 da 40. Mai 28 kaurinsa wajen milimita 30 ne, mai 35 wajen 38, mai 40 wajen 43. Daga 30 zuwa 38 bambancin milimita 8 ne kawai, da ido ba wani abu ba ne, amma ƙarfin ya kusa ninkawa biyu. Mu koma ga 6,100 ɗinmu. A sanda mai milimita 30, matsin da fatar ƙarfen ke ji ya kai megafaskal 1,150. A mai 38 ya sauko zuwa wajen 570. Ƙarfe mai kyau ƙwarai, wanda ke jure ja har megafaskal 1,500 kafin ya miƙe, a murɗa yakan sallama tun wajen 870. Ashe ɗaya ya wuce iyaka tun a tashin farko, ɗayan yana da sarari.

A nan ne ake ganin dabarar huda shaf. Matsin murɗa a fatar sanda yake taruwa, a tsakiyarta sifiri ne. In ka huda rami mai rabin kaurin sandar a tsawonta, ka rage nauyi kashi 25 cikin 100, ƙarfi kuwa kashi 6 kacal ka rasa. Don haka manyan motocin ke amfani da shaf mai haƙora 40 hudajje. Akwai kuma wani abu da ɗalibai kan yi mamakinsa. Shaf mai milimita 38, tsawon santimita 70, a ƙarƙashin nauyin nan namu yana murɗewa kusan digiri 15 a kowane tashi, sannan ya dawo. Kuma kusan duk ƙarfen sitil iri ɗaya yake murɗewa, mai tsada da mai araha. Abin da mai tsada ya fi da shi shi ne yana iya yin nisa a murɗewa ya dawo daidai, mai araha kuwa sai ya tsaya a can. Shaf ɗin tsere sifirin ne, aikinsa ya murɗe ya dawo.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar, gajiyar ƙarfe. In shaf mai milimita 38 yana da sarari kamar yadda muka lissafa, me ya sa shi ma wata rana yake karyewa, a tashin da bai fi na jiya ƙarfi ba? Amsar ta tsufa, kuma daga aksil aka samo ta. Ranar 8 ga Mayu, 1842, jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris ya yi hatsari kusa da Meudon, aksil ɗin kan jirgin ya karye, mutane fiye da 50 suka halaka. A 1843 injiniyan nan na Sikotland, Rankine, ya bincika karyayyun aksil na jiragen ƙasa, ya nuna cewa tsaga ce ke farawa daga kafaɗa mai kaifin kusurwa tana ci a hankali. Daga baya August Wöhler na Jamus ya shafe shekaru yana gwada aksil a injinan da ya ƙera, zuwa 1870 ya kafa hujjar cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba yana karya shi in an maimaita, kuma yawan maimaicin da ƙarfe zai jure ya dogara da girman nauyin. In nauyin ƙarami ne ƙwarai, sitil zai jure sau miliyoyi. Da ya haura wani mataki, rayuwar sai ta riƙa faɗuwa da sauri, har ƙarin kashi 10 cikin 100 a matsi yana iya raba rayuwar ƙarfen gida biyu. A shekarun 1950 Coffin da Manson, kowa a nasa binciken, suka bayyana ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye: inda nauyi ke da girma har ƙarfe yana ɗan sallamawa a kowane zagaye, rayuwar ba ta kai miliyoyi, ɗaruruwa ce ko 'yan dubbai.

To shaf ɗin motar gari yana rayuwa ne a ɓangaren miliyoyi, na tsere kuwa a ɓangaren ɗaruruwa. Kowane tashi yana cire wani abu daga wa'adin, kuma abin da aka cire ba ya dawowa, ko da an ajiye motar shekara guda a rufe. Ba ma tashin kaɗai ba. Akwai ƙona taya kafin tashi, akwai canjin giya, akwai kuma mafi muni, wato tsallen taya. Taya ta kama, ta saki, ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, gindin motar yana karkarwa. Kowace kamawa duka ce sabuwa, kuma tsakanin duka da duka shaf yana warwarewa har ya ɗan murɗe ta baya. Tashi ɗaya mai tsallen taya yana iya cin abin da tashi mai kyau da yawa ba za su ci ba. Direban da ya ji karkarwar ya ci gaba da taka totur, wa'adin shaf ɗinsa yake kashewa, ko da ya kai ƙarshen layi lafiya.

Na huɗu, a ina yake cinyewa, a ina yake karyewa? Wurare biyu ne, kusan kullum. Na ɗaya, inda haƙoran baki suka ƙare, dab da wurin da shaf ya fito daga difarenshal. Gindin kowane haƙori kwari ne mai kusurwa, kuma nan ne sandar ta fi siranta, ga shi ɓangaren da ke ciki a riƙe yake, na waje yana murɗewa. Matsi yana taruwa a wannan iyaka kamar yadda Rankine ya gani. Haƙoran kansu suna cinyewa da gogayya, ɗan motsi ƙanƙani da ido ba ya gani yana ta nuƙe su, sai ka ga wani jan gari kamar tsatsa da ƙananan ramuka. Da wasa ya shiga tsakanin haƙora, kowane tashi sai ya zo da bugu. Kowane ɗan rami kuma mafarin tsaga ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuskuren da ke gaggauta wannan: haƙora suna iya zama 35 da 35 amma kusurwar yankansu ta bambanta, wani digiri 30 wani 45. Za su shiga juna, amma a kan baki-baki za su riƙa taɓawa. Haka kuma in shaf ya gaza tsawo, rabin haƙori ne zai ɗauki aikin cikakke.

Wuri na biyu shi ne can waje, mazaunin boris da kafaɗar da ke haɗa sanda da faifan da ake ɗaura taya. A aksil irin na ƙananan motoci shaf yana aiki biyu, yana juya taya, yana kuma ɗauke da nauyin mota. Nauyin nan lanƙwasa shi yake yi, kuma tunda yana juyawa, kowane gefe yana jin ja da matsi a kowane zagaye. In motar ta ɗaga gaba ta faɗo, ko rim ɗin ya fito waje da yawa, lanƙwasar ta ƙaru. In kuwa kwanson aksil ɗin ya karkace, wanda yakan faru idan an yi masa waldar mazaunai ba tare da an zura sandar daidaitawa a ciki ba, to shaf yana lanƙwashewa a kowane juyi ko da ba a taka totur ba. Mai irin wannan kwanso zai yi ta canza shaf yana zagin maƙera, ciwon kuwa yana jikin kwanson.

Karyayyen shaf yana faɗin abin da ya kashe shi, ga mai iya karatu, don haka ina roƙon ɗalibai kada su bari a jefar da shi kafin su duba fuskarsa. In karayar a kwance take, kamar an yanka da zarto, fuskar a goge tana sheƙi, haƙoran kusa da ita sun karkace, to ƙarfe mai taushi ne aka fi ƙarfinsa, shaf ɗin ya yi wa motar ƙanƙanta. In karayar ta nannaɗe a karkace, wajen digiri 45, to ƙarfe mai tauri ne ya tsage ta inda ja ya fi yawa. Ku ɗauki allin rubutu ku murɗa shi tsakanin hannuwanku, irin wannan karayar za ku gani daidai. In fuskar ta yi kamar tauraro, tsagogi sun taso daga gindin haƙora da yawa sun haɗu a tsakiya, gajiya ce ta murɗa gaba da baya. In kuwa kusa da boris ne, kuka ga wani ɓangare sumul mai layuka a jere kamar baka-baka, wani ɓangaren kuma gurzajje sabo, to sumul ɗin nan tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci, gurzajjen shi ne ɗan abin da ya rage ya tsinke a ranar. Wannan fuska ita ce hujjata mafi ƙarfi. Ta yaya za a ce farat ɗaya abin ya faru, alhali ga tarihinsa a rubuce layi-layi?

Na biyar, me ke biyo bayan karyewa? A nan ne maganar ta tashi daga ta kuɗi ta koma ta rai. Aksil ɗin GM mai noti 10 da mai noti 12, da na Ford mai inci 8.8, ɗan zobe ne mai siffar harafin C ke riƙe shaf daga can ciki. In sandar ta karye a ko'ina tsakanin zoben da taya, babu abin da ke riƙe ɓangaren waje, sai taya da gangar birki su zare su fita. A motar da aka kulle ƙafafunta biyu kuma, ko tayar ba ta fita ba, ƙarfin duka ya koma ƙafa ɗaya, motar ta juya nan take ta nufi bango ko layin abokin tsere. Saboda haka dokar NHRA ta wajabta wa duk motar da ke cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka ta sa shaf ɗin da aka ƙera don tsere, da abin da zai riƙe shi daga waje, ta kuma haramta yi wa giyoyin difarenshal walda. Motoci mafiya gudu da yawa suna amfani da tsarin da taya ke zaune a kan nata boris a jikin kwanso, shaf ba ya ɗaukar nauyi, murɗa kaɗai yake yi. Kanikawan manyan motoci sun san wannan tsari sarai, shi ne na tipa da tirela, inda ake zare shaf taya tana nan a ƙasa.

Na shida, sukar da za a yi wa wannan ra'ayi. Wani zai ce, me ya kawo ƙidaya da dubawa, a sayi mafi kauri da mafi tauri a manta. Kauri yana taimakawa, mun lissafa. Amma tauri yana da farashi. Shaf ɗin kamfani ƙarfe ne mai matsakaicin kabon, an taurara fatarsa da zafin lantarki, cikinsa da taushi, don ya jure ramuka da duka daga gefe. Na tsere zalla ana yin sa da gaurayen ƙarfe irin su 4340 da 300M da Hy-Tuf, an taurara shi har ciki, ya fi jure murɗa nesa ba kusa ba, amma maƙeransa da kansu suna gargaɗin kada a hau titin gari da irin wanda aka taurara har ciki. Ƙarfe in ya yi tauri yakan rage haƙuri da ƙarzuwa, ɗan tabon guduma ko na tocilan walda wajen cire boris ya isa ya zama mafarin tsaga. Kuma kauri yana tsawaita wa'adi ne kawai, bai soke shi ba, balle ma duk mai tsere da ya ga aksil ya yi ƙarfi sai ya ƙara wa inji wuta. Ƙwararrun maƙera har rage kaurin tsakiyar sanda suke yi da gangan, ya yi ƙasa da gindin haƙora kaɗan, don murɗewar ta bazu a tsawon sandar maimakon ta taru a baki.

Wani kuma zai ce, ai gara shaf ya zama shi ne mai rauni, ya karye ya ceci giyabos da manyan giyoyin difarenshal masu tsada. Akwai hankali a cikin tunanin cewa kowane inji ya kamata a zaɓa masa inda zai fara sallamawa. Amma wurin da za a zaɓa dole ya zama wanda in ya sallama mota za ta tsaya a miƙe. Kuloci in ya zame, ko taya in ta jujjuya, an rasa tsere ne kawai. Shaf ɗaya in ya tafi, sitiyari ya fita daga hannun direba. Ba a sa rai a ma'auni ɗaya da giyabos.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: cire ƙarfen da bai karye ba ɓarna ce, kuma babu wata lamba guda da za a ce ita ce wa'adin kowane shaf, domin nauyin mota da taya da yanayin layi sun bambanta. Gaskiya ne. Amma rashin lamba guda hujja ce ta a duba, ba ta a rufe ido ba, kuma dubawar ba ta da tsada. Kafin a sa sabon shaf, a ja miƙaƙƙen layi da fenti daga haƙora zuwa faifai. Duk ranar da aka zare shi aka ga layin ya karkace, ko haƙora sun kwanta, ƙarfen ya wuce iyakarsa, ya gama aiki. A rubuta kowane tashi a littafi, a yi wa wanda aka samu tsallen taya alama ta daban. A ƙarshen kakar wasa, ko bayan wani mummunan duka, a kai shi gwajin maganaɗisu, inda ake watsa garin ƙarfe ya taru a kan tsagar da ido ba ya gani, ko a yi gwajin jan ruwa mai ratsa tsaga. A yi wa na dama da na hagu shaida kada a musanya su, domin ƙarfen da ya saba murɗewa ta gefe ɗaya, in aka juya masa aiki, saurin gajiya yake yi. Kada a yanke shaf ɗin kamfani a sake fitar masa da haƙora, don an yanke taurarriyar fatar ke nan an shiga cikin taushi. Kada kuma a yi masa walda ko a gasa shi don a miƙar. Duk wannan bai kai kuɗin shaf biyu ba, shaf biyu kuma ba su kai kuɗin kwanso da bodi da asibiti ba.

Na san akwai mai cewa a ransa, mu da ba mu da filin irin wannan tsere, ina ruwanmu? Tipar da aka lafta wa yashi fiye da ƙima, ta kafe a rairayi, direba yana gaba yana baya yana sakin kuloci da ƙarfi a giya ta ɗaya, abin da motar tsere ke yi wa shaf shi take yi, har da murɗa ta baya. Kuma shaf ɗin da aka sayo a kasuwar kayan tokumbo ya riga ya ci wani kaso na wa'adinsa a wata ƙasa, babu littafin da ya zo da shi. Tsere ya matse abin da ke ɗaukar shekaru a kan hanyoyinmu ne cikin kaka guda, shi ya sa ya fi sauƙin nazari. Layin fenti da gwajin jan ruwa ba su fi ƙarfin garejinmu ba, kuma sashe irin wannan yana iya tara karyayyun shaf daga hannun kanikawan gari, ɗalibai su karanta fuskokinsu, su rubuta inda kowanne ya karye da aikin da motar take yi.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.   Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, musamman waɗanda suka sha zare karyayyen shaf da hannunsu.